Shekarar da Muka Jira Ruwa Ya Wanke Alluna

Mun cinye irin geronmu a shekarar da Alhaji Tanko ya kawo gwangwanin rubutu kasuwar Gwaram. Dami uku ne ƙanana. Inna ce ta sauke su da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina kallo.

Bana ma ruwa ya makara. Kwanakin nan hadari yakan haɗu ta gabas bayan la'asar, ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Mutane su fito su ɗaga kai, su koma. Jiya ni ma na ɗaga, da na sauke ido sai na same shi a kan allon shagon da ke tsallaken titi. Na leda ne, inji ke buga su yanzu, da hoton kaza da shinkafa a jiki. Ruwa ba ya yi musu komai, rana ce ke cinye su. Abin da ya tuna mini ke nan.

Sunana Haladu. A wani ƙauye kusa da Sundimina aka haife ni. Da damina noma nake yi, da rani in ɗaure gwangwanayen fenti a bayan keke in shiga Birnin Kudu in rubuta allunan shaguna. Ban yi boko ba. Har yau ban iya karanta abin da hannuna ya rubuta ba. Mai shago zai sa wani malamin makaranta ya rubuta masa a takarda, ni kuma in kwaikwaya. Baƙaƙen ma sunaye na sa musu don kaina: akwai tsani, akwai ƙugiya, akwai maciji, akwai mai ciki biyu.

Malam Buba na Gwaram ne ya koya mini. Shi ya fara wannan sana'a a ƙasarmu tun ana kashe fam da sule. Aikinsa ba ya son gaggawa. Za ka goge katako da yashi har ya yi santsi, ka shafa fari, ka bar shi kwana biyu, ka sake shafawa. Sannan ka shafa wa zare gawayi, ka ja shi a kan allon ka tsinka, ya bar maka layi. A kan layin nan kake zana baƙaƙe da gawayi, ka bi su da fentin mai. Buroshinmu na gashin akuya ne, Malam Buba ke ɗaure shi da kansa. Allo ɗaya yakan ci mako. Amma idan ka kafa shi, damina bakwai sai ta wuce a kansa bai gaji ba.

Mu uku ne kawai daga Birnin Kudu har Gwaram. Malam Buba, da ni, da Ɗanjuma, wanda ya fi ƙarfi a zanen bayan motocin katako, zaki da dabino da irinsu. Dukkanmu wajen mutum ɗaya muke sayen fenti, Alhaji Tanko, ɗan kasuwa daga Kano. Duk mako biyu yakan zo da motarsa mai buɗaɗɗen baya. A zauren Malam Buba yake cin abincin rana. Yana ci yana tambaya: wa ya buɗe sabon shago, wa ya sayi mota, wace makaranta ake ginawa. Mu kuma muna gaya masa. Hira muka ɗauke ta.

Daminar da ta gabaci zuwan gwangwanin ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba, kuma mu biyar ne a gida: ni, da matata Hajara mai tsohon ciki, da 'yarmu Ladi, da Inna, da wata gwaggona makauniya. Kafin a yi girbi Inna ta shiga gonar da wuƙarta, kamar yadda take yi kowace shekara, ta bi kara-kara tana zaɓar zangarniyar da ta fi cika. Ita ce iri. Ta ɗaure dami uku ta rataye a saman murhu a ɗakinta, don hayaƙi ya hana ƙwari.

Geron nan ba irin na kowa ba ne. Mai gashi ne, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, kuma yana riga na mutane nuna. Mahaifina ya samo shi daga wajen Dingaya tun kafin a haife ni. Da ya rasu, Inna ta riƙe. Ko baƙo ya roƙa, zangarniya biyu take bayarwa, ba ta ƙarawa.

Ban damu da rumbun ba sosai. Kuɗi sun fara yawo a lokacin, sabuwar naira ta fito, ana ta buɗe shaguna a bakin titin Birnin Kudu. Tela, mai gyaran rediyo, kemis, mai shayi, kowa na son suna a bakin ƙofa. Na ce wa Inna aikin rani zai saya mana hatsi har ruwa ya sauka.

Ta ce, “Allah ya sa, Auta. Ni dai nawa yana sama.”

Ranar kasuwar Gwaram ce. Na je karɓar fenti, na tarar da mutane sun kewaye motar Alhaji Tanko. Yana tsaye a bayanta, ya naɗe hannun riga, ga wani akwatin kwali a gabansa.

“Ku matso! Wa ke da shago ba suna? Wa ya gaji da jiran mako guda?”

Ya zazzage akwatin. Falle-fallen gwangwani ne kamar tafin hannu, kowanne an huda shi da siffar baƙi ɗaya. Da ƙullin garin kala, shuɗi da ja, da guntun soso. Ya dama garin a murfin kwano.

Isa tela yana cikin taron. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, shagonsa na Birnin Kudu, yakan kawo ɗinkakkun riguna Gwaram ran kasuwa. Mun riga mun yi magana zan rubuta masa allo. Takardar sunansa tana aljihuna. Ya waiga ya gan ni.

“Mai fenti, ba ni takardar nan in gani.”

“Me za ka gani? Kai ma ba ka iya karatu ba.”

“Kawo dai, bawana. Ai ba cinye ta zan yi ba.”

Na ba shi. Ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya jera gwangwanayen a kan wani katako, ya dangwala soso, ya bi su yana dannawa. Bai kai lokacin shan fura ba ya ɗaga su. Ga sunan Isa, shuɗi shar. Taron ya ɗauki salati.

Isa ya ce, “Haladu, ka ga abin da kake shafe mako kana yi wa mutane yanga a kai?”

Aka yi dariya. Ni ma na buɗe baki kamar mai dariya. Isa ya sayi akwati ɗaya. Kafin azahar akwatunan sun ƙare.

Bayan salla muka haɗu a zauren Malam Buba, mu uku. Ɗanjuma ya shigo yana huci.

“Mu muka nuna masa ƙofar kowa! A nan yake zama yana cin tuwonka, Malam, yana tambayarmu. Wallahi in koma in fasa gilashin motar nan.”

Malam Buba ya sa an ɗauko masa katakon da aka yi gwajin a kai. Ya juya shi, ya shinshina. Sai ya lashi babban yatsansa ya murza a kan baƙi ɗaya. Ya nuna mana yatsan. Shuɗi.

Ya ce, “Da ruwa ake dama shi. Babu mai a ciki. Ruwan farko zai sauke shi ƙasa.”

Ɗanjuma ya miƙe. “To bari in je in faɗa a tsakiyar kasuwa.”

“Zauna. Idan ka faɗa, hassada za a ce. Mai fenti ya ga an taɓa abincinsa. Ku bar ruwa ya faɗa musu. Ran da suka tashi suka ga sunayensu a ƙasa, da ƙafarsu za su zo.”

A nan muka ɗaure magana uku. Ba za mu ƙara sayen fentin Alhaji ba. Ba za mu gaya wa kowa abin da yatsan Malam ya nuna ba. Kuma ba wanda zai sa hannu a allon da aka yi da gwangwani, ko gyara ko taimako, har sai ruwa ya wanke shi. Malam Buba ya ɗaga hannu, muka shafa Fatiha.

Muna zaune Alhaji Tanko ya yi sallama kamar kullum. An kawo masa abinci, ya ci. Ba wanda ya yi masa hira. Da ya wanke hannu ya dube mu.

“Na ga ranku ya ɓaci. Malam, kasuwa ce. Ku uku ne kuke sayen fentina. Su kuwa gari guda ne.”

Malam Buba ya ce, “Allah ya ba da sa'a, Alhaji.”

Bai ƙara cin abinci a zauren ba.

Daga nan sai jira. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. A duk ranin nan allo biyu na rubuta, na wani mai aski da ke son hoton kai, da na mai gyaran keke. Gwangwani ba ya zana hoto. Sauran duk sun koma wa akwati. Wanda ya saya ya ara wa maƙwabcinsa. Ka bi titin Birnin Kudu daga tasha har kasuwa, baƙaƙen iri ɗaya ne, shuɗi ko ja, wasu sun karkace, wasu sun hau kan juna. Nakan tura kekena a hankali ina dubawa. Ina lissafin wanda zan fara yi wa idan ruwa ya sauka.

A gida muka fara da rage tuwo. Da ana tuƙawa da dare a ɗumama da safe, sai ɗumamen ya ɓace. Hajara ta haihu, namiji. Cikin awakinmu biyu ɗaya muka yanka ran suna, ɗayar muka sayar. Hatsi a kasuwa yana hawa kowane mako, masu awo ma sun daina cika tiya. Inna takan shiga rumbu da kanta da safe, ta fito da abin da za a daka, ba ta bari kowa ya leƙa. Dusar da da muke ba akuya aka fara mayar da ita tukunya.

Bazara ta zo da zafin da ban taɓa ji ba. Da hantsi ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa. Fentin da ya rage mini ya yi fata a cikin gwangwani, kullum sai na ɗiga masa kananzir in juya don kada ya mutu. Rijiyar unguwa ta koma laka. Muka yi gayya, maza goma sha wani abu, muka yashe ta, muka ƙara mata zurfin gaba guda. Mai shiga ciki ba ya daɗewa saboda numfashi. Abin da ke tsattsafowa mata ke layi a kai tun asuba, kowacce tulu ɗaya. Fulani suka bi ta bayan gari da shanu za su kudu, ƙashin haƙarƙarinsu a fili, wadda ta kwanta sai a yanka a bar wa mutanen gari a kan abin da ya samu. Naman ba maiƙo, kamar igiya.

Na share gona, na ƙone, na kai taki da jakin aro. Na gyara sungumi na jingine a bayan ƙofa. Ba abin da ya rage sai sama.

A cikin wannan hali mai kemis na bakin tasha ya tare ni. Ya sayi akwatin, ya gwada sau biyu, layinsa na gangarawa kamar hanyar rafi.

“Mai fenti, zo ka ja mini zaren nan naka, ka jera mini gwangwanayen. Ni zan danna soson da kaina. Tiya biyu ta dawa.”

Na ce ba na taɓa allon gwangwani.

“Ba rubutu na ce ka yi ba. Zare kawai.”

Na ce na ji. Na tura kekena na wuce.

Da na dawo gida na faɗa, don ban iya ɓoye abu ba. Hajara na zaune da jariri a cinya, tana tsinke busasshiyar tafasa. Ba ta ɗago ba.

“Tiya biyu, Malam?”

“Biyu.”

“A kan zare.”

“Mun shafa Fatiha.”

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Can ta ce, “Su matan Malam Buba me suke dafawa?”

Ban sani ba. Inna na bakin ɗakinta tana ji.

Bayan mai kemis wasu uku sun nema. Har shugaban wata sabuwar firamare ya aiko. Duk na ƙi. Ina ganin idan na daidaita musu layi, allon zai yi kyau, kuma na karya maganar mutum uku. Na sayar da keken, muka ci shi a mako uku.

Ɗanjuma ne ya fara saki. Wata rana ina tafe a ƙafa zuwa Birnin Kudu, motar Alhaji ta wuce ni ta tsaya. Ɗanjuma ya leƙo daga baya, yana zaune a kan akwatuna. Shi ke yi wa Alhaji gwaji a kasuwannin ƙauye yanzu. Kumatunsa sun ciko.

“Haladu, hau. Akwai wuri.”

“Fatihar fa?”

“Na yi istigfari. Ni 'ya'yana shida. Kai dai hau, Alhaji na neman mai hannu.”

Na ce su je. Alhaji ya ɗaga mini hannu ta taga, motar ta tashi.

Aka fita roƙon ruwa sau biyu a bayan gari, manya da yara, har da dabbobin da suka rage. Bayan na biyun da kwana uku hadari ya taso da rana tsaka. Iska ta kwashe jinkar ɗakin gwaggo. Aka yi yayyafi mai manyan ɗigo, ƙasa ta yi ƙamshi, kafin ka ɗebi tulu ya ɗauke. Maƙwabta suka fito da sungumi a guje. Ni ma na ɗauko nawa, na tsaya a ƙofar Inna.

Ta fito, ta tona ƙasa da yatsa. Gaɓa ɗaya ta tarar da busasshiya.

“Wannan ba ruwan shuka ba ne. Mayar da sungumin.”

“Inna, kowa ya fita.”

“Kowa da nasa irin. Nawa ba zai sauko ba.”

Na mayar. Washegari da sassafe na kama hanyar Birnin Kudu a ƙafa, ban gaya wa kowa abin da za ni yi ba. Alluna na je gani. Ɗigon ya ɗan yi musu zane-zane, kamar fuskar wanda ya yi agana. Ana iya karanta komai. Na tsaya gaban na Isa na daɗe. Ya leƙo daga kan kekensa.

“Bawana, ka zo koyon rubutu ne?”

Na ce wucewa nake yi.

“Ka rame fa. Ko Hajara ta gane ba ka da amfani ta daina ba ka tuwo?”

Ya aika aka sayo mini ƙosai. Na ci biyu, na ƙulle sauran a aljihu na kai wa Ladi.

Waɗanda suka yi shuka, ta tsiro kamar allura, rana ta ƙone ta a mako guda. Irinsu ya tafi. Namu yana sama. Inna ta yi daidai, kuma ba wanda ya yi murna.

Bayan nan ne rumbu ya ƙare. Inna ta fito da kwando wata safiya, ta kife shi a tsakar gida ta koma ɗaki. Muka koma ganye. Yaɗiya, tafasa, ɗanyen ganyen ɗinya, a dafa da kanwa a yayyafa ɗan garin rogo idan an samu. Ladi da gwaggo suna fasa ƙwallon goruba da aduwa suna tsotsa. Yunwa tana da ciwo kwana uku na farko, bayan nan sai ka ji kamar an cusa maka auduga a kai. Ka zauna a inuwa, inuwar ta matsa, ka kasa binta. Ba na jin haushin Alhaji a lokacin. Ba na jin komai. Idan gari ya waye in dubi gabas, idan la'asar ta yi in sake dubawa.

Nonon Hajara ya ɗauke. Jaririn ya yi kuka kwana biyu, a na uku ya daina, sai buɗe baki kawai. Da hantsi Inna ta ce in kawo mata turmi ɗakinta. Na ɗauka daka za ta yi. Ta kife shi, ta taka, ta miƙa hannu sama ta kwance dami ɗaya. Ya yi baƙi da hayaƙi. Ta sauko da shi a ƙirji kamar yaro.

“Inna.”

“Matsa mini, Auta.”

Ita ta sussuka, ita ta sheƙe, ita ta surfa. Ta dama kunu mai kauri ta ba Hajara, sannan Ladi, sannan gwaggo. Ta miƙo mini ludayi, na sha. Geron mahaifina ne, yana da zaƙi. Ita ba ta sha ba, ta ce warin hayaƙi yake mata.

Saura biyu. Na ce a raina biyu ma sa shuka rabin gona. Washegari na kama hanyar Gwaram a ƙafa, in roƙi Malam Buba ya sake ni daga maganar nan, in je in ja wa mutane zare. Na fita da asuba, ban isa ba sai bayan la'asar, ina tafiya ina zama. Na tarar da zauren a rufe da asabari. Wani maƙwabcinsa mai saƙar igiya ya dube ni.

“Malam Buba? Ai ya fi wata da tafiya. Ɗansa ya zo ya kwashe su zuwa kudu, shi da iyali.”

“Bai bar saƙo ba?”

“Na wa?”

Na zauna a dakalin. Mutumin ya kawo mini ruwa. Ashe wata guda ni kaɗai nake riƙe da magana.

Na kwana a masallaci, na juyo. Na shiga Birnin Kudu da zarena da gawayi a aljihu, na je wajen mai kemis. Ya ce ya riga ya yi abinsa, a karkace, kuma mutane na gane shagon. Shugaban firamare ya sa wani malaminsa ya yi. Motar Alhaji ta daina zuwa, don kasuwannin ba mai sayen komai sai hatsi. Ba wanda ke neman zare.

Dami na biyu ya sauko bayan kwana takwas. Na uku Inna ta daɗe a kan turmin kafin ta kwance shi. Da ta sauko ta ware zangarniya biyar ta soke a jinka. Bayan kwana huɗu Ladi ta kwanta da zazzaɓi, ta kasa haɗiye ganye. Inna ta zare biyar ɗin ma.

Kwana shida bayan haka ruwa ya sauka. Bayan la'asar ya fara, da ƙarfi, ba iska. Tsakar gida ta cika, kwaɗi suka fito ban san daga ina ba. Hajara ta jera duk abin da ke riƙe ruwa a bakin indararo. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta tana kallo, hannunta a cinya. Da gari ya waye ba sai an tona ƙasa ba.

Masu sauran iri suka fita. Waɗanda suka rasa suka bazu gidajen dangi neman ko tafi ɗaya. Ni na bi ta gefen gonata, ga ta a share, ga taki, ta sha ruwa ta yi baƙi. Ban tsaya ba. Na wuce Birnin Kudu, laka na kama mini ƙafa.

Malam Buba bai yi ƙarya ba. Tun daga tasha na fara gani. Allunan sun koma katako. Shuɗi da ja sun gangaro ta bango har ƙasa, sun taru a kwata. Na mai kemis ba ko baƙi ɗaya. Na mai shayi haka. A duk titin alluna biyu ne ke da suna, na mai aski da na mai gyaran keke, sai tsofaffin da muka yi a shekarun baya. Na tsaya a tsakiyar titi. Na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, na farko a cikin watanni.

Sai na hango Isa. Ya sauke allonsa ya kwantar a kan benci, ya goge shi da tsumma. Yana tsugune, akwatin kwalin nan a buɗe a gefensa, yana dama gari a murfin kwano. Gaba kaɗan mai shayi ma haka, yana jiran Isa ya gama ya ara.

“A'a, mai fenti! Barka da ruwa. Ka ga abin da ya yi mana?”

“Na gani.”

“Ba ka je shuka ba?”

“Ba iri.”

Ya ɗago ya dube ni. Ya bar wasan.

“Na Inna fa?”

“Mun ci.”

Ya ci gaba da juya garin da tsinke. Can ya ce, “Haladu, ku kun san zai wanke?”

“Mun sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar.”

“Kuka yi shiru.”

“Mun ce idan ya wanke za ku zo.”

Ya dubi akwatin, ya dube ni. Ba da mugunta ya faɗa ba.

“To mu zo mu yi me? Ga gwangwanin, ga gari. Duk damina sai in sake, ai ba ya cin lokaci.” Ya goge hannu a wando. “Miƙo mini wancan, mai kama da tsani.”

Na miƙa masa. Mu uku muka zauna a zaure, har da wanda ya shekara talatin yana sana'ar, ba wanda ya tuna cewa ruwa fenti yake wankewa, gwangwanin yana nan a hannun mai shi.

Na ciro zaren daga aljihu, na shafa gawayi, na ja masa layi. Na jera masa baƙaƙen yadda suke a takarda. Ya danna soso. Kafin rana ta yi zafi an mayar da allon. Na ja wa mai shayi, na ja wa mai kemis. Da yamma na koma gida da dawa a ƙullin riga, ta ci ce, ba ta shuka ba.

A daminar nan ƙodago na yi a gonakin mutane. Tawa ta yi ciyawa. Daga baya na samu geron kasuwa na watsa a gefe ɗaya, ya makara, tsuntsu ya cinye abin da ya fito. Da kaka na je Dingaya neman mai gashin nan, gida-gida. Wasu sun shuka a yayyafin farko ya ƙone, wasu sun ci kamar mu. Wani tsoho ya ce ya san shi, ya daɗe bai gani ba. Na dawo na gaya wa Inna. Ta ce to. Ba ta ƙara shiga gona da wuƙa ba har ta rasu.

Yaron ya rayu. Direba ne yanzu, yana da jikoki.

Ni ban sake zama manomi sosai ba. Na bar wa ɗan wana gonar, na dawo Birnin Kudu. Gwangwanayen fentina da suka bushe na fasa, na baje, na huda baƙaƙe a jiki da ƙusa da guduma. Ina bakin tasha yanzu, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da masu lodin hatsi. Mai buhu ya kawo sunansa a takarda, in jera, in danna. Idona ya yi rauni, hannuna na rawa, aikin bai damu da wannan ba. Nan nake daga safe zuwa la'asar.